Kaza Ta Makara a Bututun Barau

Duk Wagini an san Barau da taurin kai, kuma taurin kan nan a kan bututu ɗaya ya tare. Gadon ubansa ne: guntun ƙarfe ɗaure a kan wani turke a tsakar gida, bakinsa na duban gabas. Ranar da Kaza da 'ya'yanta, taurarin nan da ke cure wuri ɗaya, suka faɗo cikin bututun da kiran assalatu, ranar gidan Barau ke shuka gero. Ko ruwa ya cika kwari, sai Kaza ta ba da izini.

To, shekara uku ke nan Kaza tana makara. Gero ya fito a makare, damina ta ɗauke ta bar shi bai nuna ba, rumbu ya koma ɗakin ɓeraye. Bana tiya uku ta iri ce kawai ta rage, in ta lalace babu wata. Maƙwabta sun shuka tun kwana goma sha biyu, shi kuwa kullum asuba yana duƙe da ido ɗaya, yana tsaki.

"Zamani ya lalace har sama!" in ji shi. "Taurari ma sun koyi saɓa alkawari."

'Yarsa Saude, da yajin aikin jami'a ya dawo da ita gida, ta gaji da ji.

"Baba, akwai na'urar hangen nesa da ke shawagi a sararin sama. Ita ma tauraruwa ɗaya take kamawa ta riƙe don kar ta kauce. In an ga shekara da shekara riƙon yana kuɓucewa, na'urar ake bincika."

"Ke, rufa mini baki! Bututun ubana ne zai yi ƙarya?"

Saude ta tsuguna ta nuna masa gindin turken. Ƙasa ta buɗe baki ta gabas, turken ya kwanta baya, bututun ya ɗaga kai sama. Ga kuma igiya, ga jaki a ƙarshenta yana ja abinsa, ko a jikinsa.

Takaici kamar ya kashe Barau. Shi da hannunsa ya shigo da jakin daga waje shekara uku da suka wuce, shekarar da ɓarayin daji suka fara kewayo, ya zaɓa masa turken da ya fi ƙarfi a gidan. Jaki ya tsira, rumbu ya biya.

Matarsa Jinjiri, wadda ta sha tankaɗe dusa shekara uku, ta fito ta dire masa ƙwaryar iri da sungumi a gabansa.

Da ya isa gona, geron maƙwabcinsa Daudu har ya kai idon sawu. Daudu ya ɗago daga noma ya ce, "Sannu Barau. Kazar ta iso?"

"Ta daɗe da isowa," in ji Barau, ya sara ramin farko.