Birkin Fijon Malam Jumare

"Ya sake yoyo, Malam," in ji Nu'umanu, ya ɗaga gwangwanin madarar sama, man birki yana bin gwiwar hannunsa.

Malam Jumare bai tashi daga tabarma ba, don kwanan nan tashi ma aiki ne a wurinsa. "Soldarka ta, ba gwangwanin ba. Kai dai buta ka iya liƙewa."

"Awo. Gobe sai ka kira injiniya daga Sakkwato."

Haka suke, su biyun nan, katanga ɗaya ce tsakaninsu a Tambuwal. Nu'umanu mai solda ne. Jumare kuwa tsohon direba ne da ciwon zuciya ya zaunar. Tun da ya bar hanya ya tsiri abin da ya zama dariyar unguwa: ƙera Fijo irin ta da, irin wadda ya ɗauko amaryarsa Inno da ita daga Fakku, can ƙasar Kebbe. Jikinta ganguna ne da aka buɗe aka daddake, injinta na keke mai ƙafa uku. Ya yi wa Inno alkawarin zai kai ta garinsu a ciki, ta ga 'yan'uwanta da suka rage. Ita kuwa ta ce, "Ba ni shiga motar da ba ta tsayawa. Da jikokina?"

To, ka ji inda aka tsaya. Abin da ya rage shi ne mazubin man birki, biyu ake so, na ƙafafun gaba da na baya. Na asali babu shi ko a wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Sun gwada robar lemo, ta tsage. Gwangwani kuwa ga shi yana kuka.

Wata safiya cikin damina Jumare ya buga katanga da sanda. Nu'umanu ya zagayo, ya tarar da shi riƙe da fararen robobi biyu masu kauri.

"Wagga mai ba ya cin ta," in ji Jumare. "Huda gindin, ka sa bakin tiyub na babur, ka ɗaura tiyo. Murfin kuma huji guda da allura, don ta sha iska."

Nu'umanu ya yi aikin da murna. Aka zuba mai, aka kwana, aka tashi, ko ɗigo babu. Sai da ya jawo kwanon goron Jumare a zaure, ya buɗe, ya ga abin da ke ciki: ƙwayoyin magani, na safe da na yamma a haɗe, duk farare. Laima ta shiga, sun dunƙule kamar dawo.

"Malam, robobin maganinka na muka huda?"

"Roba dai roba ta."

"Tun yaushe ba ka sha ba?"

"Mi zan sha cikin wanga kunu?"

"Tashi mu tai asibiti."

"In motar ta tashi, ita ka kai ni."

Nu'umanu ya kai ƙara wurin Inno. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. "Tun ina da haƙora nika magana. Ya taɓa ji?"

Ranar Juma'a da hantsi suka zo fitar da iska daga birki. Aikin mutum biyu ne: ɗaya ya taka, ɗaya ya buɗe noti a ƙarƙashi. Nu'umanu ya tallafi tsohon ya zaunar da shi a kujerar direba, shi kuma ya kwanta a ƙasa.

"Taka!"

Ya taka.

"Saki! Sake takawa. Riƙe!"

Mai ya fito tsaf, babu kumfa. Nu'umanu ya ɗaure notin yana dariya. "Ta yi, Malam! Kira Inno ta ɗaure kaya. Saki."

Ba a saki ba.

"Malam, saki mana."

Ya rarrafo waje. Jumare na zaune, goshinsa a kan sitiyari, ƙafarsa a kan birki. Nu'umanu ne ya sa hannu biyu ya ɗage ta.

Bayan sadakar arba'in magada suka sayar wa 'yan gwangwan motar. Ba wanda ya nemi tada injin, turawa suka yi. A gangaren bakin kwata ta kufce musu, wanda ke riƙe da sitiyari ya taka birki a firgice. Ta tsaya cak.

Inno na leƙe daga zaure. "Ashe tana tsayawa," ta ce, ta saki asabari.

Suka ci gaba da turi har suka sha kwana. Nu'umanu ya tsuguna inda motar ta daɗe a tsaye, ya shafa ƙasar da tafin hannu. A bushe take, ko ɗigon mai babu. Kaji suka zo suka fara tono.