Wankan Mama

Tun da hawan jini ya kwantar da Mama, Yaya ba ta ƙara cin abinci a zaune ba. A tsaye take ci, cokali a hannu, waya maƙale a kunne, tana zazzaga wa yaran shagon ɗinkinta masifa. Ita ce wanki, ita ce magani, ita ce juya Mama kada kwanciya ta yi mata gyambo. Kuma so take duniya ta shaida, musamman Mama, cewa ita ce 'yar halak.

Ƙanwarta Auta tana nata ƙoƙarin, ba a ce ba ta yi ba. Amma in ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ba ta shiga ɗakin kai tsaye. Sai ta kashe waya, ta tuɓe takalmi, ta zauna a bayan kicin, ido rufe, tana jan numfashi a hankali. Sai ta shanye ruwa kofi guda, ta wanke fuska, sannan ta leƙa Mama. Wannan zaman shi ya tsaya wa Yaya a rai. Ta tsane shi, ta fara tsanar mai yin sa ma.

Ranar da tura ta kai bango, Yaya ta dawo da ciwon kai ta tarar da Auta haka. Ta sa ƙafa ta shure kofin.

"Sannu, sarauniya! Uwarki na kwance, ke kina nan kina shan iska?"

"Yaya, in na shiga da hayaniyar ɗalibai a kaina, a kanta zan sauke. Ke ma da za ki ɗan zauna..."

"Au, ni za ki koya wa jinya? Marar kunya kawai! Daga yau ba ke ba ɗakin Mama. Bari Mama ta ji da kunnenta."

Ta fizgi bokiti da soso ta yi ciki. Ta tayar da Mama zaune, ta hau cuɗa, baki bai huta ba. Auta malalaciya ce, Auta ba ta da tausayi, ita kaɗai aka bari tana mutuwa a tsaye. Tana faɗa tana dirza.

Mama ta ɗaga hannun da ke motsi ta dafa nata. Da ƙyar harshen ya juya.

"Kira mini Auta."

Alhamdu lillahi, in ji Yaya a ranta, yau za a yi ta ta ƙare. Ta ƙwala kira har da murna. Auta ta shigo ta durƙusa a bakin gado.

"Ba ta soson," in ji Mama.

"Mama, ai na kusa gamawa."

"Ba ta." Mama ta huta, ta haɗiye yawu. "Allah ya yi miki albarka, kina wahala. Amma wanke ni kike kamar tukunya. In na ji takunki, gabana faɗuwa yake."

Yaya ta dubi hannunta. Ta saki damtsen da take riƙe da shi. Ga shatin yatsunta nan kwance a fatar tsohuwar, kusa da wani na jiya da ya riga ya yi baƙi.