Fuskar Ƙofar Kaka

Malamar da ke koya mana ɗaukar hoto ta ba mu aikin ƙarshen zango: hotuna goma sha biyu na kusa-kusa, na zanen da rana da ruwa da shekaru suka yi da kansu. Ɓawon itace, jijiyar ganye, tsagar dutse, duk abin da ido ke wucewa bai tsaya ba. 'Yan ajinmu suka bazama lambun makaranta suna rububin kututture ɗaya. Ni kuwa tun kafin Malama ta rufe baki na san inda zan nufa. Ƙofar ɗakin Kaka nake so.

Ƙofa ce ta katako mai kauri wadda ba a taɓa shafa mata fenti ba. Shekaru sun mayar da ita ruwan toka, ta tsattsage tun daga sama har ƙasa, gansakuka ta yi mata kore a gindi inda ruwan sama ke fantsama. Daidai ƙirjin mutum akwai wani wuri da ya yi baƙi, ya yi santsi, nan Kaka ke sa tafin hannunta ta tura. Ina ƙarama nakan zauna a bakin ƙofar ina bin tsagogin da yatsa, ina cewa hanyoyi ne, wannan ta kasuwa, wannan ta teku. Kaka tana daga ciki tana tsefe gashi sai ta ce, "Idan kin isa tekun ki gaishe su, ki ce ƙafa ce ta hana ni zuwa."

Shekara biyu ke nan da rasuwarta. An sayar da gidan, ranar Litinin za a miƙa makulli, kuma ranar ce zan miƙa aikina. Asabar ɗaya tal ta rage mini da ƙofar nan a duniya.

Na kira Baba ranar Laraba. Kafinta ne, ina jin ƙarar zarto a bayansa.

"Baba, ranar Asabar zan zo in ɗauki hoton ƙofar Kaka. Za a rataye a zauren makaranta."

"Mutane za su gani?"

"Kowa da kowa. Malamai, iyaye, har baƙi."

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, Uwata. Allah ya kawo ki lafiya." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da wani suna ba. Da na saurari shirun nan da kyau, da na gane.

Na iso da hantsi, kyamarar makaranta rataye a wuyana, zuciyata na tsalle kamar wadda za ta haɗu da masoyi. Tun daga bakin gida ƙamshin sabon katako ya tare ni. Ina shiga na tarar da Gwaggo, yayar Baba, ta ɗaure zani a ƙugu, bokiti a gefe, buroshi a hannu. Ta wanke bango fes, ta kankare gansakukar da ke gindinsa, har bishiyar tsakar gida ta sha farar ƙasa zuwa gwiwa.

"Ga mai hoto ta iso!" in ji ta. "Tun jiya ake mana bauta saboda ke. Dubi hannuna, kamar na mai wanki."

Sai na hango ƙofar. An cire ta, an kwantar da ita a kan benci biyu. Fara sol, sumul, ba tsaga ko ɗaya, kamar yau aka sauke ta daga mota. Baba na tsaye a kanta, dusar katako a girarsa, yana murmushin da yake yi idan ya gama aikin da ya gamsar da shi.

"Shafa ki ji," ya ce. "Sau uku na bi ta ina ferewa. Ko ƙuda ya sauka sai ya zame."

Na shafa. Babu hanyar kasuwa, babu ta teku. Wurin hannun Kaka ma babu.

"Baba, me ka yi?"

Murmushin ya ragu. "Gyarawa na yi. Ba cewa kika yi mutane za su gani ba?"

"Tsufan nake so! Tsagogin, da tokar, da dattin, su ne aikin! Wannan ai ko'ina zan same ta!"

"Datti?" Gwaggo ta ajiye buroshi ta riƙe haɓa. "Kai, ka ji 'yarka. Mu kai ki makaranta ki koyo hoton datti? A rataye ƙofar uwarmu duk a tsage, a ce ɗanta kafinta ne? Ina za mu sa fuska?"

"Gwaggo, ba ki gane ba."

"Ai ban yi boko ba, ina zan gane."

Baba ya kalli ƙofar, ya kalli hannuwansa, ya shiga goge su a jikin rigarsa a hankali alhali ba abin da ke jikinsu. Na wuce ɗakin Kaka da gudu, ɗakin da yanzu ba ƙofa, ba gado, sai alamar ƙafafun gadon huɗu a ƙasa. Na zauna a tsakiyarsu na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka ɗauke ta. Littattafan da na karanta sun sha gaya mini cewa abin da ya wuce ba ya dawowa, na ja layi a ƙarƙashin jimlolin, na ji daɗinsu. Ban san haka abin yake da zafi ba idan ubanka ne ya kankare shi, da hannunsa, don yana sonka.

Can na ji muryar Gwaggo a waje. "Kawo buhun nan in kai bola."

"Bar shi," in ji Baba.

"Me za ka yi da shara?"

"Na ce ki bar shi, Yaya."

Na leƙo. Baba ya durƙusa yana tattara abin da ya fere daga jikin ƙofar. Ba da tsintsiya ba, da hannu, ɗaya bayan ɗaya, yana sa su cikin buhu kamar mai kwasar ƙwai. Iska ta turo guda ɗaya har bakin ɗakin. Na ɗauka.

Siririn ɓawo ne, ya naɗe kamar zobe. Cikinsa fari ne, sabo. Amma bayansa ruwan toka ne, da tsagarsa, da ɗigon kore a baki. Fuskar ƙofar ce gaba ɗaya, ba ta tafi ko'ina ba, ta dai naɗe ne ta zube ƙasa.

Na ɗaga kyamara, na matsa har gilashin ya kusa taɓa shi. Hoton ya fito a dushe, ba rai. Na sake, haka. Sai na ga inuwar Baba a kaina.

"Rana na dukansa ta sama," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ya kallona. "Ba a duba katako haka. Mu idan muna neman inda bai kwanta ba, sai mu juya shi haske ya zo ta gefe. Taso."

Ya kai ni jikin taga, ya ɗora ɓawon a tafin hannunsa, ya karkata shi kaɗan-kaɗan, ido ɗaya a rufe. Nan take kowace tsaga ta sami inuwarta. Abin da bai kai yatsa ba ya zama kwari da tudu, ya zama busasshen kogi da aka hango daga sama. Na ɗaga kyamara.

"Baba, kar ka motsa."

"Ban motsa ba."

"Hannunka na rawa."

"Tsufa ne, Uwata. Shi ma ki ɗauka, tunda shi kike so."

Na yi dariya da hawaye a fuskata. Muka zazzage buhun a ƙasa muna tona. Shi ya san daga inda kowane ɓawo ya fito. Wannan daga sama ne, inda rana ta fi ci. Wannan daga gindi. Gwaggo ta gaji da tsaki ta zo ta tsuguna, wai ita dai kallo za ta yi, amma ita ce ta zaro wani mai faɗi, baƙi, mai sheƙi, ta riƙe shi tana shafawa.

"Na wurin hannunta ne," in ji Baba. "Da na zo kansa sai da na tsaya. Na ce ko in bari. Sai na tuna baƙi za su gani."

"Baba, ka yafe mini ihun da na yi maka."

"Ke za ki yafe mini. Shekara arba'in ina gyara katako, ba wanda ya taɓa cewa in bar shi yadda yake."

Hoton baƙin ɓawon nan na ɗauka a ƙarshe, na goma sha biyu. Gwaggo ce ta riƙe shi a haske, don ta ce hannun ƙanenta ba shi da tabbas. Da na juya musu kyamarar su gani, suka haɗa kai a kan ɗan ƙaramin gilashin. A cikin baƙin santsin nan ana ganin siraran layukan itacen sun lotsa, inda tafi ɗaya ya yi shekara hamsin yana turawa.

Gwaggo ta ja bakin zaninta ta share hanci. "Wannan ba za a rataye wa baƙi shi kaɗai ba," ta ce. "A wanko mini nawa. Babba."

"Hoton datti, Gwaggo?"

"Rufe mini baki. Kai kuma tashi ka mayar wa mutane ƙofarsu, rana na yi."