Wanda Zai Fara Shiga Rijiyar

Muhtari ya leƙa cikin rijiyar, ya ja da baya da sauri. Wani ɗoyi ne ya daki hancinsa, ga bangonta na gabas ya tsage tun daga baki har iyakar ganin ido. Tun da aka kafa famfo a bakin kasuwa babu wanda ya sake jefa guga a cikinta. Sai bana da aka ba Zamfara jiha, aka ce manya za su zo daga Gusau su ji tarihin garuruwa, Maigari ya sa a yashe ta kamar yadda ake yi a da. Al'adar kuwa ita ce, saurayi daga gidan da ya kafa garin shi ke fara shiga, ya fito da gugan laka na farko.

Gidaje biyu ke jayayya kan kakan wa ya kafa garin: gidan Jaji, wato su Muhtari, da gidan Ɗantani. A gidan Jaji saurayi ɗaya ya rage wanda bai tafi ci-rani ba, Sanda, ɗan Muhtari tilo. Yana tsaye a gefe ba riga, har ya ɗaura igiya a ƙugu.

"Jaji yag gina ta!" in ji Baffa Gwadabe, ƙanen mahaifin Muhtari, yana buga kwagiri a ƙasa. "Shi yas sare dajin ga, tun kakanku na bin jakunan Azbinawa."

Gado na gidan Ɗantani ya yi dariyar ƙeta. "Maharbi da ginin rijiya? A kududdufi yake sha tare da gyado. Ɗantani ya zo da magina daga Zurmi, naku ya zo roƙon ruwa, anka ba shi wurin bukka bayan marina."

"Ɗan fatake! Ko kabarin kakanku ba ku sani ba!"

"Mu dai ba tarkon gafiya munka gada ba."

Mutanen gidajen biyu suka fara matsowa, wani ya tattare hannun riga. Maigari ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Muhtari, kai ne babban ɗan marigayi. Mi mahaifinka yag gaya maka?"

Muhtari ya san amsar kamar sunansa. Tun yana yaro ake zaunar da shi a zaure yana jero kakanni daga Jaji har kansa. Ya buɗe baki ke nan sai wani ɓangaren bangon ya ɓalle ya rufta ciki. An daɗe kafin a ji faɗuwarsa. Ya dubi Sanda, wanda ke murmushi yana gyara ƙullin igiya.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "tsoho ya ce mani Ɗantani munka iske nan."



"Ƙarya kake, ɗan asara!" Gwadabe ya tofa masa yawu a gaban riga. "Ka sai da kakanka a bainar jama'a? Kada ka sake taka zaurena. Ko gawata ban yarda ka ɗauka ba."

Muhtari bai share yawun ba. Ya nufi ɗansa zai kwance masa igiyar, Sanda ya ture hannunsa.

"Bari, Baba. Ka gama da mu."

Ya kwance ta da kansa, ya yar, ya ratsa mutane ya wuce ko rigarsa bai ɗauka ba.

Matan gidan Ɗantani suka rangaɗa guɗa daga bayan danga. Maigari ya jira suka lafa.

"To, Gado, magana ta ƙare. Kawo ɗanka."

Gado ya ɗauki igiyar yana washe baki, ya taka zuwa bakin rijiyar ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, ɗansa Magaji na tahowa cikin taron yana tuɓe riga, abokansa na yi masa kirari.

Gado ya matso kusa da Muhtari, ya yi ƙasa da murya.

"Muhtari, don Allah, ka tabbata haka tsoho yac ce?"

"Na tabbata," in ji Muhtari. Ya sunkuya ya ɗauki rigar Sanda, ya bi bayansa.