Saniyar Babi na Huɗu

Dokar jami'armu ba ta da wasa: ɗalibin da aka kama ya sayi aikin kammala digiri, kora ce. Malamin da ya gano shi zai cike takardar ƙara ya miƙa wa kwamiti. Takardar tana kan teburina ranar da na kira Rekiya.

Ɗalibata ce a sashen kiwon dabbobi, 'yar Tudun Fulani, mahaifiyarta nono take sayarwa. Aikinta kan tatsar shanu ne a rugagen kewayen Minna. Manhajar kama satar rubutu ta wanke shi tas, amma babi na huɗu ya tsaya mini a rai. Wai makiyayanmu suna raba maraƙi da uwarsa tun ranar haihuwa, sannan su tatse ta. Ko ni ɗan tela da na tashi a Tudun Wada na san farar saniyar Fulani ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa. Wanda ya rubuta wannan shanun Turai ya sani, su ma a intanet.

Ban tuhume ta ba, cewa na yi ta ba ni labarin yadda ake tatsa a gidansu. Yarinyar da shekara huɗu ban ji muryarta a aji ba, sai ga baki ya buɗe. Ta kawo yadda ake ɗaure maraƙi kusa da uwar, da nonon da ake rage masa, da dabarar da ake yi wa saniyar da ɗanta ya mutu. Ban ankara ba na ɗauki biro ina rubutawa.

Da ta gama na tura mata babin. Ta karanta, ta amsa cewa wani mai shagon kwamfuta ne ya rubuta mata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tambaye ta me ya kai ta, alhali komai yana cikin kanta.

"Malam, ban ɗauka abin da Inna ta sani yana shiga littafin jami'a ba."

Kunya ta kama ni. Ni na koyar da ajinsu darasin madara, kuma ko sau ɗaya ban kawo misali da saniyar ƙasar nan ba. Ban cike takardar ba, na kuma san doka na taka. Na gaya mata bana dai ba za ta fita da 'yan ajinsu ba. Na ce ta koma ta faro daga babi na ɗaya, ta sa Inna cikin jerin waɗanda ta ɗauko ilimi a wurinsu.

Sai ta tambaye ni a hankali ko an yarda a rubuta sunan wanda bai yi boko ba.