Masarar da Felix Ya Rina

Tun daga wari Scholastica ta gane akwai lauje cikin naɗi. Irin masara na gaskiya, wanda aka cuɗa da maganin ƙwari, kana buɗe buhun zai bugi hancinka har ka yi atishawa. Wannan kuwa da yayanta Felix ya sauke da safen nan, ja ne jawur, an ɗinke shi tsaf a buhunan shagonsu, amma ƙurar kasuwa kawai yake yi.

Shagon sayar da iri ne a Samaru, bakin titi, gadon mahaifinsu. Ita ke tsayawa a kanta, Felix ke sawo kaya. A daminar 2006 rufin sitonsu ya yi yoyo, irin da suka tanada ya jiƙe ya yi fumfuna. Ga ruwa ya sauka, ga manoma sai sintiri suke yi.

"Yaya, ina ka samo wannan?"

"Inda ake samu."

"Kalle ni ka faɗa."

Sai ya ja ta bayan kanta ya rage murya. Ashe masarar tuwo ce ya auno a kasuwar Sabon Gari, ya kai gidan wani abokinsa a Dogarawa, suka juye a daro suka rina ta da jar kalar da mata ke zuba wa kek.

"Masara ai masara ce, Sikola. Za ta tsiro."

"Za ta tsiro, ƙwari su cinye rabi a ƙasa, sauran ta yi goyo kamar ɗan yatsa."

"In muka ce babu, titi za su tsallaka wajen wasu, kuma sun tafi ke nan. Ni ne babba a shagon nan. Ki rufe min baki."

Ka ji mutum! Felix ɗin nan fa shi ke karatun Littafi a coci ran Lahadi, har da gyaran murya. Haushi ya turnuƙe Scholastica, ta koma ta zauna.

Kafin rana ta yi tsaka sai ga Baba Elias, dattijon wani coci a ƙauye gaba da Shika. Manoman cocin ne suka wakilto shi, har da gwauraye mata, ya saya musu iri gaba ɗaya. Sun gama huɗa, gobe shuka. Wanda irinsa ya ƙi kuwa, shekararsa ta tafi, sai dai ya ci ganye da 'ya'yansa.

Felix ya tarbe shi da fara'a, ya warware bakin buhu.

"Sabon iri ne, Baba, ya sha magani. A kiyaye yara da kaji fa. Bayan shuka a wanke hannu da sabulu, guba ce."

Wannan gargaɗin ne ya ƙure haƙurin Scholastica. Ƙarya har da nasiha! Ta miƙe, ta ratsa tsakaninsu, ta cusa hannu a buhu, ta damƙo ta watsa a baki. Ƙarau, ƙarau, ta tauna busasshiyar masara ta haɗiye da ƙyar. Ta sake damƙowa.

"Yesu!" Baba Elias ya yi ihu, hularsa ta faɗi. "'Yata, me kika yi? Jama'a, a kawo manja! A tsayar da ɗan acaɓa!"

Mama Ronke mai abinci a maƙwabta ta taho a guje da kwalbar manja, tana salati da yarenta. Masu faci suka bar tayarsu. Nan da nan ƙofar shago ta cika, wani na cewa madara, wani na cewa a sa mata yatsa a wuya. Mutum ɗaya ne bai motsa ba, kuma Baba Elias ya gan shi.

"Felix, ƙanwarka ta ci guba, kai kana tsaye?"

Scholastica ta ture kwalbar manjan. Leɓenta da haƙoranta sun yi ja. Ta dubi yayanta ido cikin ido.

"Yaya, gaya musu. Zan mutu ko ba zan mutu ba?"

Felix ya kau da kai. Ta sake kai hannu buhu. Mama Ronke ta riƙe ta tana kuka, Baba Elias ya dafe ƙirji har ya jingina da bango, numfashinsa na sarƙewa. Felix ya ga tsoho na neman faɗuwa a kan ƙaryarsa, sai ya sunkuyar da kai.

"Ku ƙyale ta. Ba magani a jiki. Kala ce."

Baba Elias ya duƙa ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe ta a hankali.

"Da ka bar mu mun shuka ke nan, ɗana?"

Felix ya juya kan ƙanwarsa.

"Kin tozarta ni a gaban jama'a. Kin kashe shagon babanmu."

"Kai ka kashe shi a Dogarawa. Ni gawar na nuna musu."

"In kika taka ƙofar nan, kada ki dawo. Ba ni da ƙanwa."

Ta kwance makullin shago daga bakin zanenta ta ajiye a kan kanta. Mama Ronke ta miƙo mata tsumma ta goge baki, ta ƙi karɓa.

"Bar shi, Mama, duk wanda ya tambaye ni zan gaya masa." Ta kama hannun dattijo. "Baba, mu je. Na san mai iri na gaskiya a Sabon Gari, gobe sai kun yi shukarku."

Sai da motar da suka shiga ta bar Samaru ta ji haƙorinta ɗaya na turmi ya tsage, yana zuga har cikin kunne. Hawaye ya zubo mata, don Felix kaɗai gare ta a duniya, shi ya goya ta ranar da aka binne mahaifiyarsu. Baba Elias ya ce ko su koma ya ba shi baki. Ta girgiza kai, ta ce wa direba ya ƙara wuta.