Ƙoƙon Da Ba Ya Zama

Kubura tana cikin dama fura aka jefo mata dunƙulen ledoji a gaban ƙwaryarta, suna ɗigar da baƙin ruwan kwata. Malam Sirajuddeen ne, shugaban masu sharar bakin ƙofar jami'a a Kalgo, wandonsa a naɗe har gwiwa.

"Kin san waɗannan?"

"Leda ai kowa yana da ita, Malam."

"Har mai warin nono? Buhu biyu muka ciro daga kwatar nan tun safe. Ruwan jiya har ɗakin masu gadi ya shiga." Ya goge hannu a rigarsa. "Zan dawo da la'asar. In na tsinci ledar fura guda ɗaya tsakanin nan da titi, kin bar gindin bishiyar nan ke nan."

Shekara shida tana sayar da fura a wannan inuwar, kuma ba wai ba ta gwada barin leda ba. Ta taɓa sayen kofunan roba dozin biyu. Kwana uku suka yi. Ɗalibi zai karɓa yana hira, ya wuce da shi aji, ya ajiye a kan taga, shi ke nan.

Ta ciro waya ta kira yayanta Abdulbaƙi, kafinta ne a Gwandu, wanda ta kai wa kukan kofunan tun watan jiya.

"Yaya, abin nan da ka ce za ka yi mini, yau nake so. Za a kore ni."

"Ya fi sati a shirye. Ke ce ba ki nema ba. Bari in ba direba."

Ana kiran azahar bas ta tsaya, aka sauke mata buhu da wani dogon benci mai ramuka goma sha biyu a jere. A cikin buhun ƙoƙuna ne da aka yanko daga gora, an kankare su tas, kowanne da gindi mai tsini. Ta ajiye ɗaya a ƙasa, ya kife. Ta gwada wani, ya mirgina ƙarƙashin bencin. Ta sake kira.

"Yaya, wasa kake yi da abincina? Ko ɗaya ba ya zama."

"Yana zama mana. A ramin bencin."

"In ɗalibi ya tafi da shi fa?"

"Ya kai shi ina? Aljihu ba zai ɗauka ba, tebur ba zai riƙe ba. Kin taɓa ganin ɗan jami'a ya yi minti biyar bai sa wa waya hannu biyu ba? Zuba musu kawai."

Wanda ya fara zuwa Muzzammil ne, ɗalibin injiniyanci da ba ya fashin fura.

"Inna, ƙulla mini, ina sauri."

"Babu leda yau. Ga ƙoƙo."

Ya juya shi yana dubawa. "Wannan ai ƙaho ne." Duk da haka ya karɓa, ya nufi ƙofa yana kurɓa. Zuciyar Kubura ta bi shi. Taku goma ya yi wayarsa ta yi ƙara. Ya duba katanga, ya duba kan wani babur, ya gwada maƙale ƙoƙon a hammata, fura ta zubo masa a riga. Sai ga shi ya dawo da sauri, ya zura shi a rami.

Wata ɗaliba, Sumayya, da ke jiran nata, ta yi dariya. "Injiniya guda, gora ya juya ka."

"Ke ma zo ki gwada."

Ba ta gwada ba. A nan ta tsaya ta shanye, ta ce a ƙara. Mutum biyu suka ƙi, suka ce su ba za su sha a tsaye ba, suka wuce shagon lemo. Sauran kuwa suka taru a inuwa ana gardamar ƙwallo, ƙoƙuna suna fita suna komawa ramukansu, Kubura tana wankewa a bokiti.

Da la'asar Malam Sirajuddeen ya dawo da sanda. Ya bi kwata yana tsokana har titi. Ya ɗago wata leda, ya shinshina, ya ga ta ruwan sha ce. Ya zo ya tsaya a gaban bencin ya daɗe yana kallo.

"Zuba mini in ji."

Ya shanye, ya sunkuya zai ajiye a ƙasa, ya fasa, ya sa a rami.

"Ki zauna. Amma sharaɗin yana nan. Ledar fura ɗaya, ke na sani."

Kubura ta ce ta gode. Tana jera ƙoƙunan tana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa sai wata bas ta tsaya. Wata mata da ba ta taɓa gani ba ta sauko da babbar ƙwaryar nono, ta dire ta a ɗaya gefen bishiyar, ta kwance bakin zane ta ciro ɗaurin sababbin ledoji.

"Sannu, 'yar'uwa," in ji matar da fara'a. "An ce nan ne fura take tafiya."